Ƙarin Jijiyoyin Jini a Hannu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara



Mu ba likitoci ba ne, alli muka riƙe har muka yi ritaya. Amma sanin kowa ne cewa a garinmu da hannu ake cin abinci: manomi da maƙeri da ɗinki da mai daka, har ɗalibi da alƙalaminsa. Don haka muka ga ya dace mu ja hankalinku kan wata cuta da ba ta cika faruwa ba, amma idan aka yi sakaci takan nakasa hannu, wato ƙarin da ke tsirowa daga jijiyoyin jini.

Masana sun kasa wannan ƙari gida-gida. Akwai mai sauƙi, wanda ke fitowa jariri a makonnin farko, ya girma, sannan ya yi ta raguwa da kansa cikin shekaru. A 2008 likitoci a Faransa suka gano cewa maganin hawan jini mai suna furofaranolol yana motsar da shi. Akwai kuma mai naci, wanda ba ya cika yaɗuwa zuwa sassan jiki masu nisa, amma yana cin abin da ke kewaye da shi: tsoka da jijiya, wani lokaci har ƙashi. Hannu kuwa wuri ne matsattse, ƙari kaɗan ya isa ya sandarar da yatsu.

Ɗaya daga cikin masu nacin, wanda aka bayyana a 1993, ya fi kama jarirai. Alamarsa kumburi mai tauri da ɗumi da zafi, fata ta yi duhu kamar jini ya kwanta. Babban haɗarinsa shi ne yakan tsare ƙwayoyin da ke daskarar da jini, yadda idan aka yi rauni jinin ba ya tsayawa. Likitoci biyu a Amurka, Kasabach da Merritt, su suka fara bayyana wannan hali a 1940.

Nan ne gizo ke saƙa. A gida, kowane kumburi maruru ne, sai a kira wanzami ya yi sakiya ko ƙaho. Ba mu raina wanzamai ba, sana'ar gado ce. Amma wannan ƙari babu mugunya a cikinsa, jini ne zalla, aska kuwa tana iya zama ajalin yaro.

A asibiti ana farawa da gwajin jini, sai hoton sikanin, sai na'urar MRI mai nuna zurfin ƙarin. Daga nan akan ɗebi ɗan yanki a duba a ɗakin gwaji, domin da ido kaɗai ba a rarrabe shi da ciwon daji. Idan ƙarin yana da iyaka, likitan tiyata ya cire shi. Idan ya sarƙe da jijiyoyi, sai a koma ga magunguna irin su sirolimus da binkiristin, na tsawon watanni. Bayan haka akwai gashin ƙashi da komawa ganin likita, saboda yakan dawo. Irin wannan aiki sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

To, ku 'yan'uwanmu mazauna birni, ku ake fara bugo wa waya. Roƙonmu uku ne. Na farko, idan aka ce kumburi ya ƙi jin magani, yana girma, ko yana zubar da jini, ku hana a sa masa aska. Na biyu, ku sauki marar lafiya a gidajenku, ku raka shi asibiti. Na uku, ƙungiya ta ware wani kaso a asusunta don kuɗin mota da hoto, domin su ne ke sa iyaye su juya gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mai da kowa gidansa lafiya.