Jirin da Kallo Ke Tayarwa



Maganar da zan yi yau a kan wani irin jiri ce wanda kallo kaɗai ke tayar da shi. Mai wannan larura yana iya wuni lafiya lau a ɗakinsa, amma da zarar ya kutsa cinkoson kasuwa, ko ya tsaya bakin titi motoci na giftawa, ko ya ƙura wa kwamfuta ido rubutu na gudu sama da ƙasa, sai ya ji ƙasa na rawa, zuciyarsa na tashi, ƙafafunsa na neman gaza ɗaukarsa.

Kafin mu gane dalili, ya kamata mu san yadda mutum ke tsayuwa bai faɗi ba. Ƙwaƙwalwa tamkar alƙali take, tana sauraron shaidu uku. Na farko ido. Na biyu jijiyoyin gaɓoɓi da na tafin ƙafa. Na uku kuwa yana can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne. A kowane kunne akwai 'yan bututu 3 masu lanƙwasa cike da ruwa, waɗanda ke auna juyawar kai, da 'yan jakunkuna 2 masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi, waɗanda ke auna karkata da tafiya. Muddin bakin shaidun nan ya zo ɗaya, mutum ba ya ko tunawa da su.

To, amma ido yakan yi kuskure. Duk wanda ya taɓa zama cikin mota a tasha, motar da ke gefe ta motsa, ya ji kamar tasa ce ke komawa baya, ya ɗanɗani abin da nake nufi. Ga mai lafiya, nan da nan kunne ke ƙaryata ido, magana ta mutu. Ga wanda kunnensa na ciki ya taɓu kuwa, alƙali ya riga ya daina amincewa da wannan shaida, ya jingina hukuncinsa ga ido. Saboda haka duk abin da ya gifta a gabansa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka jikin ne ke motsi, ta shiga gyara tsayuwar da ba ta karkace ba.

Abubuwan da ke taɓa wannan ma'auni suna da yawa: kumburin jijiyar kunne, da ɓallewar tsakuwoyin nan su faɗa cikin bututu, da ciwon ɓarin kai, da buguwa a ka, har ma da wasu allurai irin su jentamaisin, idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba. Abin lura shi ne, sau da yawa ainihin ciwon yakan wuce, amma dogaro da idon ya zauna. Shi ya sa za a auna mutum a asibiti a ce ba a ga komai ba, alhali kuwa yana fama.

Masana sun daɗe suna bin sawun al'amarin. A 1861 wani likitan Faransa, Prosper Ménière, ya nuna cewa hajijiya na iya tasowa daga kunne. Robert Bárány na ƙasar Ostiriya ya sami lambar Nobel ta 1914 saboda bincikensa a kan wannan sashe na jiki. A 1995 Adolfo Bronstein, likita a Landan, ya bayyana siffofin jirin kallo dalla-dalla. A 2017 kuma ƙungiyar masana da ke ɗauke da sunan Bárány ta fitar da ƙa'idojin gane jiri mai naci, wanda ake taƙaitawa da PPPD: ya riƙa zuwa a yawancin kwanaki har wata 3 ko fiye, ya kuma tsananta da tsayuwa, da motsi, da kallon abubuwa masu giftawa ko masu yawan zane.

Jama'a, hasarar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. Ɗalibi ya daina zuwa lacca, a ce malalaci ne. Akawu ya kasa jure wa kwamfuta, a ce ƙin aiki yake yi. Mace ta ƙaurace wa kasuwa da biki, a ce iska ce ta shafe ta, a yi ta kashe kuɗi inda babu biyan bukata. Rashin sani dai ya fi dare duhu.

Alhamdu lillahi, akwai mafita. Tun shekarun 1940 Cawthorne da Cooksey suka tsara motsa jiki na musamman a Ingila domin masu jiri, an kuma ci gaba da inganta shi. Hikimar ita ce a riƙa gabatar wa mutum abin da ke tayar masa da jirin kaɗan-kaɗan, a hannun masani, har ƙwaƙwalwa ta sake sabawa da sauraron sauran shaidu. Wanda ya kulle kansa a ɗaki yana ƙara wa ciwon ƙarfi ne. Haka nan ƙwayoyin kwantar da jiri na 'yan kwanaki ne kawai. Daɗewa a kansu yana jinkirta warkewa. Tsoro da fargaba ma suna rura wutar ciwon, don haka a kan haɗa da maganinsu.

Gargaɗi ɗaya: jirin da ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, ko ganin abu bibbiyu, yana iya zama alamar shanyewar ɓarin jiki. Wannan a garzaya asibiti nan take.

Roƙona gare ku, ku da gobe za ku riƙe ofisoshi da makarantu, shi ne idan na ƙasa da ku ya kawo irin wannan kuka, kada ku yi saurin yanke masa hukunci. Ku ba shi damar ganin likitan kunne, ku sassauta masa aikin kallon allo har ya murmure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.