Hannun da ya lanƙwashe: jawabin da aka yi a taron ƙungiya a Filinge

Ni ba likita ba ne, malamin lakwal ne. Abin da ya sa na tashi, wani ɗalibina ne ya faɗo daga bisa jaki, ya karye a dantse. Aka yi masa ɗori, ƙashi ya kama, amma da ya komo aji sai hannunsa na reto daga wuya kamar ganyen da rana ta kaɗa. Allo ma ya kasa riƙewa. Wasu suka ce iska ce ta taɓa shi. Ba iska ba ce.

Kowa ya miƙa hannunsa na dama, tafi na kallon ƙasa. Ku ɗaga ƴan yatsu sama, ku dafa bayan hannu ƙasa da gwiwar hannu. Kun ji nama na motsi? Tsoka goma sha biyu ke nan wurin, kuma mafi yawansu aikinsu ɗaga wuyan hannu da buɗe yatsu. Igiyoyin da kuke gani a bayan tafi, su ne ke ja.

To, mu Hausawa komi jijiya muke ce masa: ta jini, da mai ja, da mai kai saƙo. Ta ukun nake nufi. Wadda ke ba tsokokin nan umurni, da Faransanci sunanta nerf radial. Daga wuya take fitowa, ta bi hammata, ta kewaya bayan ƙashin dantse tana manne da shi. Wajen gwiwar hannu sai ta rabu biyu: reshe guda na kai ji a bayan tafi wajen babban yatsa, ɗayan ya nutse cikin nama ya isa bayan hannu.

Shi ya sa in dantse ya karye a tsaka, ƙashi na iya murje ta. Haka wanda ya yi barci mai nauyi hannunsa na rataye a bayan kujera, da mai dogara sanda cikin hammata, da wanda aka yi wa allura a dantse ba inda ya kamata ba. In kuwa reshen ciki kaɗai ya ji ciwo, kamar yaron da gwiwar hannunsa ta goce, wuyan hannu na tashi amma yatsu ba su buɗewa.

Kada ku raina abin. Ku saki wuyan hannu ƙasa, ku gwada damƙe hannu da ƙarfi. Kun ga ba ya yiwuwa. Mai wannan hali ba ya riƙe hauya, ba ya jan guga.

Maɗoranmu sun daɗe suna taimakon jama'a, ban zo rage musu daraja ba. Roƙona uku ne. Kafin a ɗaure, a ce wa mai karaya ya ɗaga babban yatsa da wuyan hannu. In ya kasa, a kai shi likita ranar nan, kada a jira kasuwar Lahadi. Bayan ɗori, in yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, ko zafi ya hana barci, a sassauta nan take a tafi likita. Na uku, hannun da ya lanƙwashe a tallabe wuyansa da ɗan katako, a riƙa motsa gaɓoɓin kullum don kada su sandare.

Jijiyar nan tana tohowa, amma sannu, kamar santimita 3 a wata. Mafi yawa suna warkewa da kansu. In wata 3 ko 4 sun wuce ba motsi, sai a nemi takarda zuwa Yamai. Ɗalibin nan nawa yanzu yana rubutu.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.