Zaɓen Zare da Allura don Ɗinkin Fata Mai Kauri

Yau za mu yi magana a kan dukanci, watau yadda ake zaɓen zare da allura in za a ɗinka fata mai kauri da keke.

Dukanci tsohuwar sana'a ce a ƙasarmu. Dukawan Kano da Sakkwato da Damagaram sun daɗe suna ɗinka sirdi da kube da gafaka da takalma da hannu. Yanzu kuwa keke ya shigo sana'ar. Keke yana da sauri, amma ɓarnarsa ma da sauri take. Ga dalili. In allura ta huda yadi, hujin yakan rufe. Fata ba haka take ba. Hujin da aka yi mata ya zauna ke nan. Wanda ya ɗinka ƙirgi da allurar da ba ta dace ba, ya yi hasarar ƙirgin da kuɗinsa, mai kaya kuma ba zai sake dawowa ba.

To, ga ƙa'idar da muke so ku riƙe. A fara duba aikin. Aikin shi ke zaɓen zare, zare kuma shi ke zaɓen allura.

Mu fara da zare. Zaren auduga na ɗinkin riga ba ya jure wa ƙirgi, da an ja sai ya tsinke. Zaren nailan ake so. Ko wane ƙunshin zare yana da lamba a jikinsa, sai ku karanta ta kafin ku biya. Lamba 69 ta fata mai laushi ce, kamar ta akuya da ake alabe da ita. Lamba 92 ta jaka ce da saman takalmi. Lamba 138 ta ɗamara ce da maratayin jaka. Lamba 207 ta kayan doki ce, irin su ragama da majanyin sirdi. A wannan lissafi, in lamba ta ƙaru, kaurin zare ya ƙaru.

Amma ku lura. Akwai wani lissafin da ya saɓa wa wannan. Za ku ga zare mai lamba 40, ko 30, ko 20. A nan ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Lamba 40 ta yi kusa da 69, lamba 30 ta yi kusa da 92, lamba 20 kuma ta yi kusa da 138. Saboda haka a karanta lamba, sa'an nan a taɓa zaren da yatsa.

Sai allura. A bayan takardar allura akwai lamba biyu, kamar 110/18. Duka biyun kaurin allura suke faɗi. Ta fari ita ce mai sauƙin ganewa: lamba 100 milimita 1 ke nan, lamba 200 milimita 2. Ga yadda ake haɗa su:

Zare 69, allura 100/16 ko 110/18.
Zare 92, allura 120/19 ko 125/20.
Zare 138, allura 140/22 ko 160/23.
Zare 207, allura 180/24.

Me ya sa ake wannan haɗi? Ku ɗauki allurar keke ku duba da kyau. Za ku ga wani dogon tsagi a jikinta. A cikin tsagin nan zare ke kwanciya sa'ad da allura ke ratsa fata. In allura ta yi wa zare ƙanƙanta, ba zai sami wurin kwanciya ba. Sai fata ta yi ta gurzarsa, ya tsefe, ya tsinke, keke kuma ya riƙa tsallake. In kuwa allura ta yi girma, sai ta bar babban huji wanda zare ba zai cika ba. Ɗinki ya yi sako-sako, ruwa ya riƙa shiga.

In takardar allura ta ɓace, akwai dabara. Ku yanki zare kamu ɗaya, ku zura shi a kafar allurar tun ba ku ɗaura ta a keke ba. Ku riƙe bakin zaren biyu, ku ɗaga hannu ɗaya sama. In allura ta sulale ƙasa da kanta, ta yi daidai. In ta maƙale, ta yi ƙanƙanta, sai a nemi ta gaba da ita.

Ku duba tsinin allura kuma. Allurar yadi tsininta kamar ƙaya yake. Ta fata kuwa bakinta kamar na 'yar wuƙa ne, yanka take yi ta wuce. Ita ake nema don ƙirgi. Tun da yanka take yi, kada a matse ɗinki. Huji 6 zuwa 8 a inci ɗaya sun isa. In sun yi kusa da juna ƙwarai, fatar za ta yage a kan layin ɗinkin. Don haka ma ba a yawan komawa baya a ƙarshen ɗinki. A bar ɗan bakin zare, a ƙona shi da ashana, nailan zai narke ya riƙe.

Saura keken kansa. Keken tela na gida iyakarsa allura 110/18 da zare 69. Aka ba shi ƙirgi ninki biyu da zare 207, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Allura za ta karye, keken ma ya lalace. Irin wannan aiki sai babban keken fata, in babu shi a koma ga basilla.

Daga ƙarshe, kada ku fara a kan kayan mutane. Ku ɗauki ragowar fatar nan, ku ninka ta yadda aikin zai zama, ku ɗinka kamar taƙi ɗaya. Ku duba sama, ku juya ku duba ƙasa. In ƙullin zaren sama da na ƙasa ya ɓuya a tsakiyar fata, ba a ganinsa ta ko wane gefe, to, ku ci gaba da aiki.

Mu kwana nan. Ran taro na gaba kowa ya zo da allurarsa da zarensa, mu gwada tare.