Idan Wayar Maigida Ta Yi Shiru A Kan Teku

Uwargida a rage wutar girki, amarya a matso da rediyo kusa, don yau maganarmu a kan wasu 'yan uwanmu ce da ba a cika tunawa da su ba, wato matan ma'aikatan jirgin ruwa.

Na san wata za ta ce mu da muke Arewa ina ruwanmu da teku, wasunmu ko madatsar Tiga ba su taɓa gani ba. To da ruwanmu. Mazanmu da ƙannenmu da 'ya'yanmu da dama suna aikin sojan ruwa, wasu kuma suna jiragen dakon mai da na kaya. Kuma wasiƙar ɗaya daga cikin matansu ce ta sa na ɗauko zancen. Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga Kaduna, ta roƙi kada in faɗi sunanta. Ta ce an tura jirgin su maigidanta ƙasar waje, yau kwana goma sha tara ke nan wayarsa ba ta shiga. Ta kira da safe, ta kira tsakar dare, amsar ɗaya ce. Sai wata maƙwabciyarta ta ce mata, wai ai masu jirgi kowace tasha da matarsu. Ta ce tun ranar ba ta ƙara yin barcin kirki ba, har ta fara tunanin tafiya gidansu.

'Yar uwa, ajiye akwatin nan tukuna, mu yi magana.

Wayar salula da kike riƙe da ita ba kai tsaye take magana da tasa ba. Ƙarfen sabis take nema, irin dogayen nan da kike gani a unguwa. Ƙarfen nan kuwa iyakarsa tudu. A tsarin GSM na asali nisan da waya za ta iya yi da ƙarfe bai wuce kilomita 35 ba, sau da yawa ma ba ya kai haka. Da zarar jirgi ya bar gaɓa ya nausa, wayar mijinki ta koma agogo da tocila. Kuma tafiyar ruwa ba ta kwana ɗaya ba ce. A 2013 jirgin sojan ruwan Nijeriya mai suna NNS Thunder ya je har Sidni ta ƙasar Ostireliya don bikin jiragen yaƙi, sai da ya yi watanni kafin ya dawo gida. A 2016 da aka taho da NNS Unity daga ƙasar Sin, ya fi wata guda a hanya kafin ya iso Legas. Ki lissafa kwanakin da mutanen ciki suka yi ba su ga komai ba sai ruwa da sama.

A tsakiyar teku hanya ɗaya ce, tauraron ɗan Adam, kuma ba kowa ke da iko da ita ba. A jiragen kasuwanci abin ya yi sauƙi a 'yan shekarun nan. Akwai yarjejeniyar duniya ta 2006 kan haƙƙin ma'aikatan jirgin ruwa, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2013. An yi mata gyara a 2022, gyaran ya fara aiki a watan Disamba na 2024, inda aka ce masu jirgi su yi iya ƙoƙarinsu su samar wa ma'aikata intanet, idan za a biya ma kada a tsawwala. Amma ki lura, wannan yarjejeniya ba ta hau kan jiragen yaƙi ba. A jirgin soja kwamanda na iya rufe duk wata hanyar magana da waje saboda tsaro, kuma ba zai ce wa mijinki yi sallama da iyali tukuna ba.

Ga wata 'yar dabara ga masu WhatsApp. Idan kin tura saƙo kin ga alama ɗaya, saƙon bai ma isa wayarsa ba. Bai gani ba balle ya share ki. Don haka maimakon kira hamsin, ki riƙa ajiye masa saƙon murya. Yau ki gaya masa yaro ya yi haƙori, gobe ki sa yara su gaishe shi, jibi ki ba shi labarin bikin da aka yi. Ranar da suka matso kusa da gaɓa duk za su zubo masa a lokaci guda. Iyayenmu ma ai haka suka yi da kaset: a zauna a yi magana a naɗa, a ba matafiyi, amsa sai bayan wata biyu. Kafin 2001 da wayar GSM ta shigo Nijeriya, matar sojan ruwa wasiƙa take jira, ko ta je ta bi layi a gidan waya. Da wayar ta zo ma naira hamsin ake cirewa a minti ɗaya, sai a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. Mun samu sauƙi, sai dai sauƙin ya rage mana haƙuri. Ni kaina idan na kira maigida sau biyu bai ɗaga ba, alhali yana nan cikin gari, raina ya fara ɓaci ke nan.

Idan sun sauka a tasha kuma, ba lallai ya kira da layinsa na gida ba, domin amfani da shi a ƙasar waje tsada gare shi, wani lokaci har amsa kira sai an cire kuɗi. Yawanci sukan sayi layin ƙasar, ko su nemi inda ake samun intanet. Saboda haka baƙuwar lamba mai farawa da 233 ta Gana, ko 27 ta Afirka ta Kudu, ko 86 ta Sin, tana iya zama shi ne. Sannan a tuna da bambancin lokaci. Sin tana gabanmu da awa bakwai. Kina sallar isha'i, shi yana tsakiyar barci, in ma ba ya kan gadi.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne da kyau. Abin da ya gaya miki na inda suke da ranar da za su tashi, amana ce. Ba na Facebook ba ne, ba na zauren dangi ba ne, ba na gidan kitso ba ne. A 2020 an sace ma'aikatan jirgi 135 a tekunan duniya, 130 daga cikinsu a nan mashigin tekun Gini aka ɗauke su, wato ƙofar gidanmu. Abin ya ragu ƙwarai daga baya, amma mai neman ɓarna labari yake fara nema. A 2018 ma wata manhajar motsa jiki mai suna Strava ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka, don kawai sojojin suna gudun safe da wayoyinsu a kunne. Idan waya ta yi wa manyan sojojin duniya haka, ina ga hoton da kika ɗora kika rubuta maigida zai baro wuri kaza ranar Laraba?

Haka kuma 'yan damfara sun san matar da mijinta ya yi nisa zuciyarta a hannu take. Wani zai kira ya ce shi abokin aikinsa ne, an tsare shi a tasha, ko yana asibiti, a turo kuɗi yanzu-yanzu. Kada ki tura ko sisi. Tun kafin ya tafi ki karɓi lambar ofishinsu, ko ta kamfanin da ya ɗauke shi, da ta matar wani abokin aikinsa. Ku kuma ajiye wata kalma tsakaninku wadda ba wanda ya sani sai ku biyu.

To maza, na san kuna saurare ko da kun ce shirin mata ne, ku ma ga naku. Uzurin teku ya ƙare ranar da jirgi ya tsaya. Ba daidai ba ne matarka ta ga sabon hotonka a Facebook kafin ta ji muryarka. Ba daidai ba ne kuma kullum ka kira wayar Hajiya, sai an gama gaisawa da kowa a miƙa wa matarka a tsakar gida, kowa na ji, ta ce lafiya lau ta miƙa. Hajiya da haƙƙinta, ita ma da nata kiran. Malamai suna ba mu labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya tambayi 'yarsa Nana Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya jure rashin mijinta, sannan ya sa wa mayaƙa iyaka, wata huɗu, a wata ruwayar wata shida. Aikin jirgi kuwa yakan wuce haka. A 2020, lokacin annobar korona, ma'aikatan jirgi wajen 400,000 ne suka maƙale a teku bayan wa'adinsu ya cika, wasu sun haura shekara. Wanda ya bar mace tsawon wannan lokaci, ya sami minti biyar na sabis, ya san inda ya kamata ya kashe su.

Ke kuma idan minti biyar ɗin suka zo, kada ki buɗe da ƙorafin kwana goma sha tara. Layin na iya yankewa kina tsakiyar faɗa, ku duka ku kwana da shi har wani makon. Ban ce ki ɓoye masa rashin lafiyar yaro ko ƙarewar abinci ba, a'a, gidansa ne, dole ya sani. Amma fara da sallama, ki ji lafiyarsa, ki faɗi mai muhimmanci a taƙaice, sauran ki bar wa saƙon murya.

'Yar uwa ta Kaduna, gobe idan Allah ya kai mu ki nemi matar wani da suke jirgi ɗaya. Idan ita ma shiru take ji, kin sami amsarki. Idan kuma hankalinki bai kwanta ba, ki tuntuɓi ofishinsu, ko ƙungiyar matan sojan ruwa, ki tambaya, ba abin kunya ba ne. Maƙwabciyar nan kuma ki riƙa gaishe ta daga bakin ƙofa. Ranar da ya kira, ki sake rubuto mana mu ji.

Agogo ya nuna lokaci ya yi halinsa. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.