Bayan Ruwa Ya Janye: 'Yan Agajin Masallaci da na Coci a Gaɓar Tafkin Kainji



A ƙarshen daminar 2020 Kogin Neja, wanda mutanen yankin ke kira Kwara, ya yi toroƙo tare da Kogin Rima, suka mamaye fadamun Jihar Kebbi. Rahotannin lokacin sun ce fiye da hekta 450,000 ta shinkafa ta nutse, ana saura makonni kaɗan a shiga yanka. Manyan baƙi sun zo jaje, an ɗauki hotuna, an raba buhuna, aka koma. Abin da wannan takarda take son a duba shi ne mutanen da suka riga baƙin isa wurin, waɗanda kuma suka rage bayan tafiyarsu: matasan masallaci da na coci, matan unguwa, masu kwale-kwale. Su wa suka ɗauki nauyin, me ya ci musu a gidajensu, kuma me ya sa agajinmu yake ƙarewa daidai lokacin da wahalar gaske take farawa?

Ruwa ba baƙo ba ne ga ƙasar Yauri. Tun kafin a datse kogin, Gungawa suna zaune a tsibirai suna noman gero da albasa, Sarkawa suna su, Kambari da Shangawa da Lopawa suna gaɓa da tudu. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru ya zarce kilomita 130 a tsawo, ya haɗiye tsohon garin Bussa da tsibirai masu yawa, aka tayar da kimanin mutum 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Jikokinsu ne yau ke zaune a ƙauyukan Ngaski da Yauri da Shanga da ke kallon ruwa.

Kogin kuma sau biyu yake kawo ruwa a shekara. Farin ruwa shi ne na daminarmu, mai laka, wanda ke kai maƙura wajen Satumba. Baƙin ruwa tun daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya daɗe yana yawo a fadamun Mali, ba ya isowa sai cikin hunturu. Saboda haka tafkin kan zauna a cike har bayan sanyi, kuma manomin bakin tafki da ruwa ya cinye wa gona a Satumba ba lalle ne ya sake taka ƙasarsa da wuri ba. Duk wanda zai tsara agaji a wannan yanki bai san wannan ba, zai tsara na mako biyu ne alhali matsalar ta wata shida ce.

Idan ruwa ya shigo gari cikin dare, ba a jin jiniyar kowace hukuma. Lasifikar masallaci ake ji, ko ƙararrawar coci, ko ihun maƙwabci. Mai kwale-kwale ya kwance jirginsa, a fara da tsofaffi da masu jego, sannan awaki da buhunan hatsi, a nufi makarantar firamare da ke kan tudu. Haka yake ko a hatsarin jirgin ruwa: ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, lokacin da jirgin da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da fiye da mutum 150 ya dare a kusa da garin Wara, masu nutso da masuntan yankin ne suka fara faɗawa ruwa. Waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne kawai. Kwana da kwanaki ana tsamo gawarwaki, jama'ar gari suna haƙa kaburbura, ana sallah, ana binnewa. Allah Ya jiƙansu.

Wannan hali na taimakon juna ba wata ƙungiya ce ta koya wa mutane shi ba. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Gayyar noma da gayyar yaɓe da ta jinka sun girmi kowace ƙungiya. Abin da ƙungiyoyin addini suka ƙara shi ne tsari da ɗa'a. Jama'atu Nasril Islam, wadda Sardauna Ahmadu Bello ya assasa a 1962, tana da rundunar 'yan agaji. Haka Fityanul Islam, haka Izala wadda aka kafa a Jos a 1978. A ɓangaren Kirista akwai cocin UMCA mai daɗaɗɗen tarihi a ƙasashen Yauri da Zuru, da ECWA, da cocin Katolika ƙarƙashin Dayosis ɗin Kontagora, kowannensu da zumuntar mata da ƙungiyar matasa. Waɗannan mutane sun san gida gida. Sun san gwauruwar da ba za ta iya fitowa layin rabo ba, sun san dattijon da kunya za ta hana shi miƙa hannu. Babu jami'in da zai zo daga Birnin Kebbi ko Abuja da wannan sani a cikin jakarsa.

To amma a dubi inda ƙarfin nan yake ƙarewa. Yawancin horon ɗan agajinmu na tsare sahu ne a filin idi da wurin wa'azi, da hidimar alhazai, da taimakon farko. Aiki ne mai daraja, sai dai ba shi ne aikin bayan ambaliya ba.

Gidan ƙasa ba ranar da ruwa ya shigo yake faɗuwa ba. Ruwan kan kwana biyu ko uku a gindin katanga, tubali ya sha ya ƙoshi, sai bayan ya janye a ga tsaga ta hau bango tun daga ƙasa, wata rana da asuba ɗakin ya zauna, wani lokaci da mutane a ciki. Rumbun da ƙasansa ya jiƙe, hatsin ya yi fumfuna ko ya tsira. Rijiya ta haɗu da ruwan shadda, amai da gudawa su biyo baya. Kududdufai su cika da sauro, zazzaɓi ya kama yara. A lokacin nan masu kyamara sun tafi, shinkafar da aka raba ta ƙare, hukumar makaranta tana so a fita daga azuzuwa domin yara su koma karatu. Ga bashi kuma. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, manoman shinkafa da yawa da bashi suke shuka, wasu na banki, wasu na ɗan kasuwa, kuma ambaliya ba ta yafe bashi.

A nan ya dace a leƙa wata ƙasa. A Amurka, mahaukaciyar guguwa ce ke yi musu irin ɓarnar da kogi ke yi mana, kuma 'yan coci ne ke kan gaba wajen aikin sa-kai. Mabiya ɗarikar Menonayit sun fara nasu tsarin a Kansas a 1950. 'Yan Baptis na kudancin ƙasar sun fara a Texas a 1967 bayan guguwar Beulah. Da guguwar Camille ta afka a 1969, sai aka ga ƙungiyoyi suna karo da juna, wani gari ya sami taimako ninki biyu, wani bai sami komai ba. Shi ya sa ƙungiyoyi bakwai suka zauna a 1970 suka kafa majalisar haɗin gwiwa da ake kira VOAD a taƙaice. Lokacin guguwar Katrina a 2005, wadda ta kashe fiye da mutum dubu, rabon aiki ya riga ya zauna: 'yan Baptis suka dafa abinci kwano miliyoyi, wasu rundunoninsu suna kwashe laka daga ɗakuna suna sare itatuwan da suka faɗi, 'yan Menonayit kuwa suka shafe shekaru suna sake gina gidaje. Mai aikin sa-kai kan zo ya yi mako guda, ya koma ga iyalinsa da sana'arsa, wani ya karɓe shi.

Ba a kawo wannan misali don a kwaikwaye shi sak ba. Suna da kuɗi da motoci da inshora, kuma mai zuwa taimako galibi daga nesa yake zuwa, gidansa lafiya lau. Ɗan agajin Wara ko Yelwa shi ma ruwan ya ci shi. Yana tuƙa jirgi yana kwashe mutane, tasa gonar tana ƙarƙashin ruwa. Kakinsa da kuɗinsa ya ɗinka, man babur daga aljihunsa. Idan ya kwana biyar a sansani, kwana biyar ke nan ba su, ba kasuwa, ba cefane. Matarsa ce ke riƙe da gida, ga baƙi an sauke mata: ƙanwar miji da 'ya'yanta, ko maƙwabtan da ɗakinsu ya rushe. Wadda ta saba auna mudu biyu yanzu biyar take aunawa, itacen a jiƙe, hayaƙi a ido, yara suna kwana kai da ƙafa a tabarma ɗaya. Auren da aka sa bayan kaka a ɗaga shi, kuɗin makaranta ya koma na siminti. Ita wannan mata babu sunanta a kowace takardar rabo, domin gidanta bai faɗi ba, alhali gidanta ne sansanin gaskiya. A ganin wannan takarda, wannan shi ne babban rashin adalcin da ke cikin tsarin agajinmu, kuma gyara shi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a riƙa rubuta gidan da ya sauki baƙi kamar yadda ake rubuta gidan da ya rushe.

Akwai wata magana mai ɗaci da bai kamata a tsallake ba. Wani lokaci kaya kan bi layin ɗarika ko na coci ko na jam'iyya, kowa ya fara da nasa. Ƙauyukan Kambari da na Gungawa akwai Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, wani zubin a cikin dangi ɗaya. Rabon da ya tsallake ƙofa saboda addinin mai ita yana barin tabon da ya fi na ambaliyar daɗewa. Musulunci da Kiristanci kuwa babu wanda ya ce a tambayi mayunwaci alƙiblarsa kafin a ba shi tuwo.

Haka nan masu cewa jama'a su koma tudu kawai, su tuna tudun ma ba lafiya. A Birnin Yauri, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ranar 17 ga Yuni, 2021. Mutumin da ke tsakanin ruwa da daji ba taurin kai ke zaunar da shi a gaɓa ba.

Kayan gyara suna hannu. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, da hukumar kula da ruwa, NIHSA, suna fitar da hasashensu kowace shekara tun kafin damina ta kankama. Abin da ya rage shi ne a mayar da shi Hausa da harsunan yankin, ya shiga huɗubar Juma'a da sanarwar ranar Lahadi. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin al'ummomin da madatsun wutar lantarki suka shafa, ta sha raba rigunan kariya daga nutsewa. Tana iya ɗaukar nauyin horar da 'yan agaji kan ceto a ruwa, da tsabtace rijiya, da gane bangon da ke shirin faɗuwa, sarakunan ruwa da magina na gari su zama malamai. Wani kaso na zakka da na baiko ana iya ware shi tun da kaka a sayi iri mai saurin nuna da man injin ban-ruwa, domin noman rani ne ke fitar da manomi daga bashi, ba taliya ba. A kuma sa 'yan agaji karɓa-karɓa, kada a bar magidanci ɗaya ya yi mako biyu bai leƙa gidansa ba.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an zauna wuri ɗaya, kuma inuwar da kowa zai yarda ya shiga ita ce ta masarauta. Roƙon wannan takarda ga Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, da majalisarsa shi ne a umarci kowane hakimi na bakin ruwa ya tara shugabannin 'yan agajin masallatai, da na coci-coci, da shugabannin mata, da sarakunan ruwa, da wakilan hukumar agajin gaggawa ta jiha da ƙungiyar Red Cross, a rubuta wa ke da jirgi, wa zai dafa, wa zai gina, wace makaranta za a buɗe. A yi wannan zama kafin watan Yuni, tun kogi bai fara hawa ba.

Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu.