Tuba Kafin Ƙuri'a

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a Kakuri, Kaduna

 Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ɗora mini nauyin yin magana a kan bangaskiya da tuba da kuma canjin da kowa yake ƙishirwarsa a wannan kaka ta zaɓe.

Duk wanda ya zauna a Kakuri ya san dalilin da ya sa talaka yake kukan canji. A nan aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙu irin su UNTL da Arewa suka biyo baya, kamfanin Peugeot kuma ya fara haɗa motoci a 1975. Albashin waɗannan ma'aikatu ne ya kawo iyayenmu da yayyenmu birni, da shi suka biya wa ƙannensu kuɗin makaranta, suka sa rufin kwano a majami'unmu na gida. KTL ta rufe a 2002, kuma ma'aikata da dama sun rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Tun 1999 muke zaɓe ba fashi, a 2015 ma kalmar canji ce ta cika bakin kowa, amma har gajiya ta kama jama'a, ta yadda a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum fiye da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba.

Jama'a, mun iya kiran azumi da addu'ar kwana domin Allah ya sauya mana shugabanni, wannan kuwa daidai ne. Sai dai tubar da Littafi Mai Tsarki yake koyarwa ana ganinta a hannu da aljihu. A Luka sura 3, da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yahaya Maibaftisma abin da za su yi, cikin sana'arsu ya nuna musu gyaran: a daina karɓar fiye da ƙa'ida, a daina ƙwace. A sura 19 kuma Zakka na Yariko ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta ninki huɗu. To, mu masu zaɓe, me za mu mayar?

Na farko, mu tuba daga cinikin ƙuri'a. Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi hukunci ga mai bayarwa da mai karɓa, amma tun kafin doka littafin Farawa ya ba mu labarin Isuwa, wanda ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon fate. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: ɗan takara bai san hanyar ƙauyenmu ba, mu 'yan birni muke yi masa jagora. A motocinmu ake ɗaukar shinkafa da gishiri da atamfa zuwa gida, tsofaffinmu kuma suna karɓa ne domin sun amince da ɗansu mai ilimi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi ya sa bayan zaɓe bakinmu yake nauyi idan aka zo maganar hanya da asibiti da malaman firamare.

Na biyu, mu tuba daga ƙiyayya. Rikicin Fabrairun 2000 ya raba wannan birni, Kiristoci da yawa suka ƙauro kudancin kogi, Musulmi da yawa suka koma arewa. Bayan zaɓen Afrilun 2011 jini ya zuba a Kaduna da Zariya da Zonkwa da Kafanchan, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 800 suka hallaka a jihohi 12. A da jita-jita sai ta hau mota kafin ta isa gida, yau kuwa ta WhatsApp take zuwa cikin ƙiftawar ido. Wanda ya tura saƙon da bai tabbatar ba, ya sani yana iya zama shaidar zur a kan maƙwabcinsa.

Kada wani ya ce irin wannan tuba ta fi ƙarfin mutum. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995 kowanne da gaba a zuciya, daga baya suka yafe wa juna, suka kafa cibiyar sulhu a nan Kaduna. Da hannunsu a sanarwar zaman lafiya da shugabannin addini 22 suka rattaba wa hannu a watan Agusta na 2002. Rikici ya sake ɓarkewa a Nuwamban shekarar, amma ba su ajiye aikin ba.

Na uku, da girmamawa nake roƙon iyayenmu limamai, a tsare bagade. Ɗan takarar da ya tuna da majami'a sai wata uku kafin zaɓe, ya zo da ambulan ranar godiyar kaka, a karɓe shi kamar kowane mai sujada, a zaunar da shi inda kowa yake zama. Sunan baftisma ba ya gina aji. A tambaye shi abin da ya yi da amanar da aka ba shi a baya.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, kowane reshe ya tabbatar 'ya'yansa sun karɓi katin zaɓe, kada jami'in ƙungiya ya raba kayan ɗan takara da sunanmu, kuma a kira 'yan takarar mazaɓarmu duka gaban jama'a a rubuta alkawuransu, a karanta su a taronmu na kowace shekara.

Ubangiji ya ba mu zuciyar tuba, ya ba ƙasarmu shugabanni masu tsoronsa, ya mai da kowa gidansa lafiya.