Mil da Kilomita a Bakin Hanya

Ya kai mai karatu, ka san kakanninmu na Gobir ba su auna tafiya da mil ba. Da zango suke lissafi, su ce gari kaza kwana biyu ne, gari kaza yini guda. Da Turawa suka zo, Ingilishi da Faransi suka yanka iyaka tsakaninsu, har suka daidaita ta a 1906. Tibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa da Gatawa suka faɗa hannun Ingila. Ƙasa ɗaya, dangi ɗaya, awon hanya ya zama biyu.

Ingilishi da mil suke awo, watau yadi 1,760. Shi ya sa har yau akwai unguwa a Kano da ake kira Mil Tara. Faransi kuwa da kilomita suke yi, watau mita 1,000. To, Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, sa'an nan a 1974 ta kafa dokar awo ta koma kan mita, kamar maƙwabtanta. Saboda haka duk lambar da ka gani a allon hanya yau, ko a Isa ko a Maraɗi, kilomita ce. Ingila da Amurka ne suka riƙe mil a allunansu.

Ga inda haɗarin yake. Motoci da yawa daga Amurka ake kawo su, agogon gudunsu kuwa da mil yake lissafi. Mil ya fi kilomita tsawo, gama mil 5 kilomita 8 ne. In allo ya ce 50 a bakin gari, direba ya ɗora allura bisa 50 na mil, to, gudun kilomita 80 yake yi bai sani ba. Ka tuna da ranar kasuwa, ga jakuna, ga raƙuma, ga yara masu talla suna ƙetare hanya. Birki ba ya tsai da mota nan take.

Don haka in za ka kama sitiyari, fara duba agogon. In mil ne manyan lambobin, nemi ƙananan da ke ƙarƙashinsu, su ne kilomita. Riƙe wannan lissafi: 50 a allo, 31 ne a mil. Ka koya wa ɗan'uwanka wanda bai yi karatu ba. Allah ya kai mu gida lafiya, amin.